Tafin Hannu Ɗaya Daga Buhu

Wata uku na kashe kan manhajar Bappa Manu,
mai riƙe masa lissafin rumfa a Tudun Hatsi:
wa ya kawo wake, wa ya ɗau gero bashi,
buhu nawa motar Kumo ta kwashe.
Ranar Talata ta toge kamar jaki a bakin rafi,
jan rubutu ya cika allo, ban gane kansa ba.

Na rubuta wa Adda Dija a Jekadafari,
wadda ta shekara tara cikin wannan sana'a:
"Adda, abin nan ya ƙi aiki, a taimaka."
Na haɗa da hoton da na ɗauka da waya,
rabi hasken taga, rabi inuwar babban yatsana.
Amsa ta zo bayan la'asar:
"Sambo, wane abu? Ya ƙi yaya?
Ni fa ban gaji bugun ƙasa ba."

Raina ya sosu. Na tattara komai na tura,
fayil arba'in da ɗaya, layi dubu uku,
har da sunayen masu bashi da lambobinsu.
Sai ta kira, ina jin kukan ɗanta a goye:
"Kai da ka tashi a kasuwar hatsi,
ka taɓa ganin mai sayen wake
ya ce a juye masa tirela a ƙasa?
Ƙarfe yake soka wa buhu, ya tara tafin hannu,
ɗan abin da ya zubo ya gaya masa ko akwai ƙwari.
Goge sunayen bayin Allah tukuna,
bashinsu tsakaninsu da Bappa ne, ba da ni ba.

"Kawo min ɗan guntu da zai tashi a kwamfutata,
ya faɗi a gabana yadda ya faɗi a gabanka.
Faɗa min me ka zata, me ka gani.
Jan rubutun nan, kwafo shi harafi da harafi,
sannan wace siga kake kai.
Kuma gwada shi da hannunka kafin ka aiko,
kada ka kawo min akuyar da ba ita ke tari ba."

Daren nan aka ɗauke wuta.
Na zauna da sauran caji kashi talatin
ina sassabe.
Na cire wurin buga rasit, ta faɗi.
Na cire farashin gyaɗa, ta faɗi.
Na cire launin kore da na kwana biyu ina zaɓa,
hannuna na rawa, ta dai faɗi.
Dubu uku suka koma ɗari, ɗari suka koma sha biyu,
ciwon na nan, bai gusa ba.

Na sauya sunan mai kaya, na sa Bala.
Ta wuce sumul.
Na mayar da na asali, Mu'azu. Ta kife.
Sa'adu, ta kife. Garba, lafiya lau.
Na matso da ido kusa da allo.
Ashe ɗan ɗigon nan ne mai wutsiya, da ke rataye a sama,
tana ganinsa sai ta ɗauka zance ya ƙare,
sauran sunan ta rasa inda za ta kai shi.
Ƙaya ce a tafin ƙafa, ni kuwa ina ɗaure kai,
tun Talata ban duba ƙasa ba.

Duk da haka na aika: layi sha biyu, suna biyu,
abin da na zata, abin da na gani.
Kafin shayina ya huce ta amso
da gyaran layi ɗaya, da cewa,
"Ai rabin aikin kai ka yi."

Da hantsi Mu'azu ya sauke masara buhu shida.
Na shigar da shi, rasit ya fito.
Ya ninke ya sa a hula, yana ƙorafin kuɗin mota.
Ban gaya masa sunansa ya hana ni barci ba.