Garken da Ke Cikin Safa

Odgerel ta tafi aikin asibiti tun fitilun titi ba su mutu ba,
ta bar mini doka a jikin ƙofar firiji:
kada su fita, kada a kunna talabijin.
Wayar kuwa tana can saman kabad, bayan gwangwanin gari.

A waje Ulanbator ta daskare.
Hayaƙin kwal ya kwanta kan unguwa kamar tsohon bargo,
sanyin da in ka tofa yawu
sai ka ji faɗuwarsa a ƙasa.
A ciki ni ne, mai saba'in da ɗaya,
da Saruul mai huɗu, da Temuge da bai cika uku ba,
da ɗaki biyu, da yini guda mai tsawon igiyar rijiya.

Mun fara da taga.
Ƙanƙara ta yi fure a gilashi,
Saruul ta danna babban yatsa har ta huda kafar leƙe,
ta ce idon motar bas ne.
Temuge ya lasa. Ya yi kuka. Ya sake lasa.

Sai kwaɓin fulawa.
Na ce mu naɗe nama a ciki yadda marigayiya kakarsu ke yi.
Nawa ya fito da karkataccen baki,
nata ya zama kunkuru,
nasa rabi a ciki, rabi a gira.
Ƙarfe goma bai yi ba tukuna.
Na kara agogo a kunne, ko tsayawa ya yi.

Muka kifa kujeru, muka rufa mayafi, ga tanti.
Aka naɗa ni raƙumi.
Gwiwata ta ce ba da ita ba,
amma wa ke sauraron gwiwar raƙumi?
Sau shida na zaga tebur da kaya masu ihu a gadon bayana,
har maƙwabciyar ƙasa ta bugi silin da sanda.

Da dabara ta ƙare, Saruul ta ɗaga ido saman kabad.
Yaro ba ya manta inda aka ɓoye zuma.
Leɓenta na ƙasa ya soma rawa.

Na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado,
na zaro tsohuwar safar ulu mai ƙullin baki,
na zazzage kan darduma:
ƙasusuwan idon sawun tumaki, arba'in ba biyu,
hannu ya goge su har sun yi santsi.

Na ce kowane ƙashi fuska huɗu gare shi.
In ya tsaya haka, doki.
In ya juya, raƙumi.
Mai doro tunkiya, mai rami akuya.
Temuge ya cusa akuya a baki, na zaƙulo ta da yatsa.
Saruul ta watsa, ta ƙirga: ɗaya, biyu, biyar, tara.
Ta jera dawaki, suka yi tsere zuwa ƙafar gado,
nata ke ci kullum, don ita ce alƙali.

Can ta ɗago.
Kaka, ina sauran jikinsu?

Ban gaya mata shekarar da dusar ƙanƙara ta danne ciyawa wata huɗu ba,
ko safiyar da na buɗe shinge
na tarar wasu a tsaye suka sandare,
ko motar da ta sauke mu a birni
da tukunya ɗaya da wannan safa.
Na ce sun tafi kiwo ne, sun bar mana ajiya.

Ta ce to ai su ma suna jin sanyi.
Ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin tanti,
ta rufa musu hular ƙaninta,
ta ce in rage murya.

Haka Odgerel ta same mu da almuru:
gari a ƙasa, kujeru ƙafa sama,
yara biyu sun yi barci a bakin garke,
ni kuma zaune ina gadi.
Shayin madara ya huce a hannuna,
ban tashi ɗumamawa ba,
kada in tada tumaki.