Agogon Shagon Brah

Bayan kasuwar Dole, inda mai cajin waya yake yanzu,
nan Brah ya rataya tekunsa:
labule mai zanen jirgin ruwa,
a garin da ake bin layin famfo tun asuba.

Tulu biyu yakan saya wurin ga-ruwa,
ɗaya na gida, ɗaya na wanke fuskokin mutane.

Da ya rasu muka gaji akwatin ƙarfe.
Warin kafur, da Damagaram kwance cikin ambulan.
Ga Kanta tela ya dafa rediyon aro,
ga Yagana da takardar gama lakwal,
ga wani kurtu, hula ta yi masa yawa,
a baya an rubuta: ya biya rabi, zai dawo.

Agogo ɗaya ne a hannun kowa,
na shago, ya tsaya ƙarfe huɗu saura kwata.
Shekara talatin bai motsa ba.

Jiya wata tsohuwa ta zo neman mijinta.
Ta daɗe tana juya hotunan da ɗan yatsa.
Ta ce, wannan ba shi ba ne,
amma rigar tasa ce.
Nawa zan bayar?