Tsagar Bangon Kudu

Girgizar ƙasa ta zo ranar Talata, kafin carar zakara,
ta tsaga bangon kudu daga sama har tushe
kamar mai ɓare gyaɗa.
Aka ce a nemo Eleuterio.
Ni ne Eleuterio, magini ɗan magini.
Gwiwata ɗaya ba ta lanƙwasuwa,
amma na hau.

Santa Eduviges, garin da gajimare ke kwana a ƙofar gida,
inda alfadari ke hutawa sau uku kafin ya kai kasuwa.
A goshin cocinmu akwai rubutu:
Fada Anselmo ne ya gina,
shekara ɗari huɗu da 'yan kai.
Shi kaɗai aka ambata.
Ko da hannu nawa aka haife shi, oho.

Kakata Zenaida ba ta san baƙi ba, amma tana da nata lissafin.
Ta ce kowane gida dutse goma a mako,
daga can kwari, a gadon baya, igiya na cin goshi.
Ta ce shekara biyu ba yaron da ya ɗanɗani ƙwai,
duk an fasa su a farar ƙasa don kwaɓi ya kama.
In ta gifta sai ta shafa bangon,
ta ce: sannu, karin kumallon kakanni.

Bayan nan mata masu zuhudu suka zo, su goma sha biyu,
aka rufe ƙofa a bayansu.
Ta wata 'yar taga mai juyawa suke miƙo alewar madara,
ba fuska, sai murya.
Wata ta yi shekara hamsin a ciki,
garin bai san ta ba sai da tarinta.

Sai gwamnati ta juya, aka kore su cikin ruwan sama.
Soja suka ɗaure dawaki a ɗakin cin abinci,
suka narka babbar ƙararrawa, ta koma harsashi.
Ƙaramar, matan gari suka binne ta a gonar masara,
suka ɓoye ta da kyau
har su ma suka manta wurin.
Garmar Hilario ce ta tsince ta, bayan jikoki sun yi furfura.
Gidan ya zama rumbu, ya zama makaranta,
ya zama na jemagu.
Kowa ya ci zamaninsa, bango na kallo.

To, cikin tsagar nan na zura fitila.
Ga wani dutse an juya fuskarsa ciki:
maciji ne sassaƙe, da idanun mai ruwan sama,
wanda ake roƙo a tsaunin nan kafin a san gicciye.
Wani ya kwantar da shi a hankali, bai fasa ba.
Ashe duk addu'ar da aka yi a nan
da shi aka yi, yana jingine yana ji.

Gefensa, a busasshen kwaɓi, shatin hannu.
Na ɗora nawa, ya yi masa yawa.
Na kira jikana Fidencio, shekararsa tara,
ya ɗora nasa.
Cif.

Na sauko, ban ci abinci ba ran nan.

Injiniya daga babban birni ta ce a cire dutsen,
a kai shi gidan tarihi, a sa masa gilashi da lamba.
Na ce mata shi ke riƙe da na samansa.
Gaskiya na faɗa, ko da rabi.
Ta ɗauki hoto, ta hau mota.

Jiya muka rufe tsagar.
Yashi, farar ƙasa, ruwa.
Ƙwai kuwa na dafa wa Fidencio guda biyu,
ya zauna a inuwar bangon ya cinye,
ƙaramar ƙararrawa na kiran sha biyun rana
da muryarta mai ɗanɗanon ƙasa.