Allura Ta Biyu

A littafina akwai yara goma sha bakwai
da na yi wa allurar farko, ban yi musu ta biyu ba.
Sati huɗu ne tsakani.
Ba a taɓa barinsu sun cika sati huɗu wuri ɗaya ba.

Daso, 'yar Jebbu, wata uku da haihuwa.
A bayan Daura na same su, gefen hanyar Mai'adua,
bukka biyar, jakuna, tulun ruwa mai launin kunun kanwa.
Na tambayi uwar inda suke ɗiba.
Da leɓe ta nuna min kududdufin da garke ke sha,
don hannunta na riƙe da cinyar jaririyar.

Ran Laraba na hau babur zuwa sakatariya,
takarda a jaka, hatimin asibiti a ƙasanta.
Ban roƙi gini ba.
Fili na roƙa a gefen burtali,
rijiya mai murfi, masai biyu,
da inuwar da zan ajiye akwatin ƙanƙara.
Mai teburin ya ɗaga takardar kamar mai duba ƙwai:
"Malama Tasalla, su waɗannan a wace gunduma suke?
Wanda ba shi da adireshi ba shi da layi a kasafi."

Na ce, ranka ya daɗe, ƙyanda ba ta tambayar gunduma.
Kuma garin nan na maƙwabta, Zango,
wa ya ba shi suna in ba matafiya ba?
Da can baƙo kan sauke kaya ya sha ruwa
kafin a tambaye shi ranar tashi.

Ya ce a dawo bayan girbi.

Ranar da satin huɗu ya cika na koma.
Duwatsun murhu, toka da sauran ɗumi,
turken maruƙa, takalmin roba ƙafa ɗaya.
Wani mai kura ya ce da asuba aka tashe su,
mai filin zai zuba bulo.
Kudu suka yi ko arewa? Ya ɗaga kafaɗa.

Na zauna bisa dutse guda,
ƙanƙara na narkewa a akwati, ina jin ɗigarta.
Gaban sunan Daso gurbin nan fari,
bai kai faɗin farce ba.
Na ciro sabuwar takarda, na ɗora a gwiwa:
Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma,
bayan gaisuwa, ni ce dai,
karo na shida.