Dawaki Arba'in

A wani gareji a garin Otta
yaro mai suna Sindre ya ɗora kwamfuta a cinya,
ya soka waya ƙarƙashin sitiyarin gidanmu.
Gidanmu na ce, don a cikinta muke kwana:
gado a baya, murhu mai kai biyu,
da butar shayi da na ɗaure da roba.

"Dawaki arba'in," in ji shi,
"suna nan kwance cikin injin,
kamfani ne ya yi musu dabaibayi.
Kurona dubu tara, in kwance su kafin rana ta raba."

Torleif ya dube ni.
Shekara arba'in da uku na san wannan kallo.
Jiya a hawan Sognefjell
motoci goma sha ɗaya suka jeru a bayanmu,
mai tirelar kifi ya danna oda har sau uku,
kunnen mijina ya yi ja kamar gauta.
Bai ce uffan ba har muka sauka.

Na tambayi yaron: kulocin fa,
shi ma za ka ƙara masa ƙashi?
Lagireton da ya saba da tafiyar tsofaffi,
wa zai gaya masa an sake shawara?
Takardar garanti kuma in yi fifita da ita?
Ya sosa ƙeya.
Ya ce shan mai zai ragu, in ana takawa a hankali.
Na ce wanda ya sayi dawaki arba'in,
ina ka taɓa ganin ya taka a hankali?

Mun biya.
Kuɗinsa ne, na kwalekwalen da ya sayar
shekarar da kafaɗa ta ƙi jan taru.

Ba zan ɓoye ba, ta hau.
Inda da muke rarrafe a giya biyu
yau ta wuce a giya huɗu, ko nishi babu.
Kunkuru ya tashi dambe da gidansa a baya.
Kofuna suka yi ta faɗa a cikin kabad,
kwalbar zuma ta sulluɓo, ta fashe,
allurar zafi kuwa tana tafiya saɗaf-saɗaf
kamar mage ta hango kitse,
har ta kai bakin ja.

Muka tsaya.
A ina? A wurin da muke tsayawa duk shekara,
gefen tafkin da ƙanƙara ba ta gama narkewa ko a Yuli,
inda tumaki masu ƙararrawa ke lasar gishirin titi.
Ya ɗaga murfin inji, zafi ya mare shi.
Ni ina durƙushe ina kankare zuma da cokali
sai ga mai tirelar kifi ya zo ya wuce,
ko waiwaye bai yi ba.

Da dare na buɗe littafin kashe kuɗi.
Minti shida muka ci a hawa,
ashirin da biyar muka biya wajen jiran inji ya huce.
Zuma kwalba ɗaya.
Kulocin bai yi magana ba tukuna,
irinsa sai an yi nisa da gari yake magana.

Sai dai a kwana ta uku, da ya taka totur,
na ga fuskar da rabona da ita
tun yana juya kwalekwale a bakin teku,
gashinsa duk gishiri.
Na rasa layin da zan rubuta wannan.

Yana can yana minshari.
Injin ma sai ƙas-ƙas yake, yana sanyi.