Kwana Sha Tara Kafin Zaɓe

A Toledo, a saman shagon wanki,
Garrett Pulaski ya buga tebur:
"Tsaro ne gyambonsu. Nan za mu fama."

Gahawa ta huce a kofin takarda.
Ni ce mai tsara talla.
Ya zube min hotuna shida,
waɗanda bam ya ci a tashar mota.
"Zaɓi wadda ta fi sa kuka."

Gwamnati ta yi barci, ba ƙarya.
Sau uku aka kai mata gargaɗi,
ta tura shi aljihun tebur.

Amma da muke kan kujerar,
wa ya zaftare kuɗin masu gadin tashar?
Garrett ya yi dariya:
"Mai zaɓe ba ya tuna shekaranjiya."

Laifi tudu ne.
Mun taka namu, mun kafa kyamara a kai.

Na zaɓi ta huɗu, Marlene Tkacz,
mai jar hula, rungume da burodi.
Na ƙara wa hoton duhu,
na shimfiɗa masa kiɗa mai taushi.

Da asuba mahaifiyarta ta bugo.
Ban ɗaga ba.
Mun hau da maki uku.