Tumunin Tabawa

Garwa, shekarar da ruwan Binuwai ya makara,
jiragen kamfani suka kafe a yashi,
buhunan gyaɗa na tsiro a bakin gaɓa.
A shekarar Malam Ɗanjuma ya kwanta dama.

Kakata Tabawa ta shiga takaba,
wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba lalle.
Ran da ta yi wankan fita
ta tarar ƙannensa sun gama rabo:
gida na Sale, kwalekwale na Barau,
ita kuwa tabarma da buta
da "Allah ya ƙara haƙuri."

Ba ta yi nisa a allo ba.
Amma shekara ashirin tana bayan zana
tana murza ƙuli, kunne na wajen darasin zaure,
kalma ɗaya ta maƙale mata kamar ƙarangiya a zane:
tumuni.
Ɗaya cikin takwas. Ba kyauta ba, ba sadaka ba.

Alƙali ya ce gaskiya ne, yana cikin Littafi,
sai dai yau hatimi na hannun Nasara.
Ta hau tudu zuwa bariki.
Kumandan bai ɗago kai ba. Tafinta ya ce,
"Ya ce ba ya shiga al'adarku."
Ta ce, "Tambaye shi, wa ya gaya masa al'adarmu?"
Tafinta ya dubi kundin da ke kan tebur,
wanda dattawa goma sha biyu suka cika da baki a wuni uku,
babu mai ɗankwali ko ɗaya a cikinsu.
Bai fassara ba.

A bencin baranda ta ga wata zaune,
Ba'indiya, cikin fari fat kamar likkafani,
hannu ba awarwaro, goshi a goge.
Ta san ta. Rukmani ce, ta kantin yadi,
mai sayen man gyaɗa kwalba biyu duk Laraba,
ba ta cin nama, ba ta neman ragi.
Zazzaɓi ya ɗauke nata mijin da bazara,
wansa ya zo daga Duwala ya karɓe makullai.
Ita ma abin da aka ce mata ke nan:
al'adarku ce.

Ba su da harshe ɗaya sai na yatsu.
Tabawa ta ɗaga huɗu, ta nuna lallen jiya,
wato tawa ta ƙare, taki fa?
Matar ta shafa farin zanenta,
ta miƙa hannu can gaba,
har inda kogi ya haɗe da sama.

Tabawa takan ce nan ta daina tausayin kanta,
ta koma jin haushi, wanda ya fi amfani.

Sau goma sha ɗaya ta hau tudun nan.
Takalmi ya tsinke, ta ci gaba da ƙafa.
Da rana matan unguwa su ce ta zubar da girma,
da dare su zo ta ƙofar baya, murya ƙasa-ƙasa:
"Wai nawa ne rabon 'ya mace?"
A na goma sha biyu alƙali ya gaji da fuskarta,
ya zo da igiya ya auna gidan,
ya yanke mata ɗaki guda da gindin lemo.

Rukmani kuwa, jirgin farko da ruwa ya ɗaga
shi aka sa ta ciki.
Da asuba Tabawa ta tarar a bakin ƙofa
kwalabe biyu wankakku,
an zura wa wuyan ɗaya jan awarwaro na gilas,
guda ɗaya da ya tsira ranar da aka fasa sauran.

A ɗakin nan aka yanke cibiyata.
Na auna shi, taku bakwai a biyar.
Lemon ya mutu, awarwaron na nan,
ya yi wa hannun kowa a gidanmu kaɗan.
Ban san inda jirgin ya sauke ta ba.
Ban san ko a can an taɓa zuwa da igiya ba.